An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Matsalolin Sauraron Rediyo Ta Intanet

Duk wanda ya taɓa zama a unguwannin Hausawa na Kudancin ƙasar nan, kamar Agege da Idi-Araba a Ikko, ko Sabo a Badun, ko zangunan 'yan kasuwa na Fatakwal da Anacha, ya san irin darajar da labarin gida yake da ita wajen mutumin da neman abinci ya raba shi da garinsu. A zamanin da, akwatin rediyo ne yake ɗauke da wannan nauyi. Da almuru ya yi sai a ja eriya, a yi ta murɗawa a hankali har a dace da Rediyon Kaduna a kan mita 49, ko Sashen Hausa na BBC wanda ya soma watsa shirye-shirye a 1957, ko na Jamus wanda ya biyo baya a 1963, ko kuwa Muryar Amurka wadda ta shigo fagen a 1979. Gajeren zango yana da ƙugi, muryar takan tafi ta dawo, amma yana cin nisa, kuma ba ya neman kome wajen mai sauraro sai batir.

Daga baya gidajen rediyo masu zaman kansu suka yawaita a Arewa, irin su Freedom Radio da aka buɗe a Kano a 2003, kuma galibinsu a zangon FM suke. Shi kuwa FM muryarsa tangaran take, sai dai tafiyarsa gajera ce, da ƙyar yake wuce jiharsa da gefen maƙwabtanta. Tsakanin Kano da Ikko akwai tafiyar kusan kilomita 1,000 a mota, saboda haka babu eriyar da za a ja a Agege ta kamo tashar FM ta Kano. Abin da ya cike wannan giɓi shi ne intanet. A yau mai gadi, da mai shayi, da ɗan acaɓa, da mahauci, kowa yana iya sauraron sanarwar rasuwa, ko farashin hatsi, ko shirin siyasa na jiharsu daga cikin wayar da ke aljihunsa.

To, amma wannan sauƙi ya zo da nasa ciwon kai, kuma koke-koken da ake kawo wa wannan fili kusan iri ɗaya ne. Wani ya ce ana tsakiyar labarai sai murya ta ɗauke, wata alama ta yi ta juyawa a fuskar waya. Wani ya ce da hasken waya ya mutu sai tashar ta mutu. Wani ya ce yana ganin alamar ana magana amma ba ya jin kome. Wani kuma ya ce datar da ya saya ta wata guda ba ta kai mako ba. Abin takaici shi ne yadda jama'a suke magance abin. Da murya ta ɗauke sai a huce a kan waya, a kai ta wurin mai gyara, ko a sayi sabon layi, wani ma har ya karyar da wayar ya ci bashi ya sayi wata, sa'an nan ya tarar matsalar tana nan inda ya bar ta. Wannan shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Kafin muryar mai gabatarwa ta iso kunne sai ta bi ta hannaye huɗu, watau gidan rediyon, da hanyar sadarwa, da datar mai sauraro, da ita kanta wayar. Wanda ya san yadda zai gane hannun da ya saki kaya, ya tsira da kuɗinsa.

Domin a fahimci wannan, ya kamata a san bambancin da ke tsakanin akwatin rediyo da intanet. Tashar rediyo kamar ruwan sama take, tana zuba ga kowa a lokaci guda, ko mutum goma ne suka tara ko miliyan, babu wanda zai rage wa wani. Sauraro ta intanet kuwa ya fi kama da sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Gidan rediyo yakan shigar da muryar cikin kwamfuta, ta yayyanka ta ƙanana-ƙanana, a aika wa kowane mai sauraro nasa kason dabam. Ita waya tana da wata 'yar ma'ajiya kamar randa, inda take tara muryar 'yan daƙiƙoƙi kafin ta soma sakinta. Muddin 'yan garuwa suna zuwa a kan kari, uwar gida ba za ta san an yi jinkiri ba, domin tana ɗiba daga randa. Idan suka makara ƙwarai har moɗa ta taɓa gindin randa, tilas a dakata sai an sake zubawa. Wannan dakatawa ita ce alamar nan da ke juyawa, kuma ma'anarta ita ce muryar ba ta isowa da saurin da ake shan ta.

Gwajin farko ba ya cin ko kwabo. Idan tasha ta ɗauke, sai a buɗe wata tashar dabam. In ta biyun ta kama sarai, to laifin yana gidan rediyon farko, babu abin da za a taɓa a waya. In ita ma ta ƙi, sai a gwada buɗe wani shafi ko aika saƙo. In kome ya ƙi tafiya, hankali sai ya koma kan hanya ko data. Daga nan sai a tambayi maƙwabci mai amfani da layin wani kamfani ko nasa yana aiki. Matambayi ba ya ɓata, kuma waɗannan tambayoyi uku sukan raba gardama cikin minti biyu.

Laifin gidan rediyo yana da yawa fiye da yadda ake zato. Sau da yawa kwamfuta guda ce tal take ɗaukar muryar zuwa intanet, kuma idan aka ɗauke wuta, kafin a tayar da janareta ta mutu, mai yiwuwa babu wanda zai tuna ya sake kunna ta sai an yi ta bugo waya. A watan Oktoba na 2024, lokacin da jihohin Arewa da dama suka shafe kwanaki babu wutar lantarki saboda lalacewar manyan layuka, duk abin da ke aiki sai da man janareta yake aiki, har da gidajen rediyo da turakun sadarwa. Bayan wannan, wasu gidajen suna biyan kuɗin adadin masu sauraro ƙayyadadde ne, in an cika sai a rufe ƙofa, shi ya sa shiri mai farin jini yakan ƙi buɗuwa daidai lokacin da aka fi son sa. Wani lokaci kuma gidan yakan sauya adireshinsa na intanet, manhajar da ke tattara tashoshi kuwa tana riƙe da tsohon. Maganin wannan shi ne a nemi shafin gidan rediyon na kansa. Akwai ma shirun da ya fi ƙarfin kowane mai gyara. A watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da ma'aikatan Muryar Amurka, shirye-shiryen Sashen Hausa suka tsaya, kuma duk wanda ya kai wayarsa gyara a kan haka, asarar kuɗi kawai ya yi.

Akwai kuma shirun da aka yi da gangan saboda haƙƙin mallaka. Sharhin wasannin ƙwallon ƙafa na Turai, alal misali, ana sayar da iznin watsa shi ne ƙasa-ƙasa, saboda haka tashar Ingila tana iya kamawa lafiya ƙalau tun safe, amma da an take wasa sai ta yi tsit ga wanda yake wajen ƙasar. Haka nan a watan Yuli na 2025 BBC ta rufe manhajarta ta BBC Sounds ga masu sauraro na wajen Birtaniya, ta mayar da su ga shafinta na ƙasashen waje. Irin wannan babu dabarar saiti da za ta warware shi, sai dai a nemi ƙofar da aka bari a buɗe.

Hannu na biyu shi ne hanyar sadarwa. Mutane da yawa sukan dubi sandunan nan na sabis da ke saman waya, in sun gan su cike sai su ce hanya lafiya take. Alhali kuwa sandunan suna nuna kusancin waya da turken sadarwa ne kawai, ba su nuna yawan mutanen da suka yi cincirindo a kansa. Titi yana iya zama mai kwalta mai kyau, amma cunkoson motoci ya hana tafiya. Shi ya sa a kasuwa da rana tsaka, ko a unguwa mai yawan jama'a bayan sallar isha'i, murya takan yi ta sarƙewa, da asuba kuwa ta tafi sumul. Abin da ya fi dacewa a duba shi ne harafin da ke kusa da sandunan. In an ga 4G ko H, akwai hali. In an ga E, waya ta koma tsohuwar hanya mai jan ƙafa, wadda da ƙyar take ɗaukar murya ba tare da yankewa ba. A nan sai a kunna alamar jirgin sama na 'yan daƙiƙoƙi a kashe, domin wayar ta sake neman turke. Ɗaki mai kaurin bango ko shagon kwantena na ƙarfe yana tare sabis, matsawa bakin taga kaɗai yana iya isa. Matafiyi a mota kuwa sai ya yi haƙuri, domin wayarsa tana sakin wannan turke tana kama wancan, kuma a dajin da ke tsakanin garuruwa turakun suna da tazara.

Wani lokaci tangarɗar hanya tana can nesa inda ido ba ya kaiwa. Yawancin intanet ɗin ƙasar nan yana shigowa ne ta manyan wayoyi da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, waɗanda akasarinsu suke fitowa a gaɓar Ikko. A ranar 14 ga Maris na 2024 huɗu daga cikinsu suka lalace a tekun Afirka ta Yamma, watau WACS, da MainOne, da SAT-3, da ACE, har aikin bankuna ya sami cikas, kuma gyaran ya ɗauki makonni. Tun da yake gidajen rediyo da yawa suna ajiye muryarsu ne a kwamfutocin haya na Turai ko Amurka, muryar da ta tashi daga Kano tana iya ƙetare teku ta dawo kafin ta iso Badun. A irin wannan rana babu laifin waya, babu na gidan rediyo.

Hannu na uku shi ne data, kuma a nan ne aljihu yake kuka, musamman tun daga watan Janairu na 2025 da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Lissafin ba shi da wuya. Tashar da ke aiko da kilobit 32 a kowace daƙiƙa tana cin kusan megabayit 14 a sa'a guda, mai 64 tana cin kusan 29, mai 128 kuwa kusan 58. Watau gigabayit guda zai kai mutum kusan sa'o'i 35 a kan 64, amma sa'o'i 17 kacal a kan 128. A ɗauki misalin mai gadin da ke kunna tasha sa'o'i shida kowane dare. In yana kan 128, kafin wata ya ƙare ya zarce gigabayit 10, in kuwa yana kan 32, ba zai kai gigabayit 3 ba. Labarai da hira ba su bukatar babban ma'auni, kunne ba zai ji wani bambanci na a zo a gani ba a ƙaramar lasifikar waya. Saboda haka duk manhajar da ta ba da zaɓi, ƙaramin ma'auni ya fi, kuma shi ne ya fi jure raunin sabis, domin randar takan cika da wuri.

Babban mai cin data a ɓoye shi ne bidiyo. Gidajen rediyo da yawa suna nuna shirinsu kai tsaye a Facebook ko YouTube, inda ake ganin mai gabatarwa zaune gaban makirfo. Wanda ya buɗe wannan ya jefa waya a aljihu, yana biyan kuɗin hoton da ba ya kallo, kuma abin yana iya kai ɗaruruwan megabayit a sa'a. Har ila yau, ya kamata a san irin datar da aka saya. Akwai mai araha wadda aka keɓe wa WhatsApp da Facebook da makamantansu, akwai ta dare wadda ba ta aiki sai cikin sa'o'in da aka ƙayyade. Mai irin wannan zai ga saƙonni suna shiga, ya duba ya ga yana da ragowar data, amma tashar rediyo ta ƙi buɗuwa, sai ya ɗauka waya ce ta lalace.

Sai an wanke waɗannan hannaye uku sa'an nan ake juyowa kan waya, kuma ko a nan ma yawancin abin saiti ne. Wayar da ke yanke tasha da zarar haskenta ya mutu, tsarin tsimin batir ne yake kashe manhajar, domin yana ɗaukar ta a matsayin wadda aka gama da ita. Sai a shiga saitin batir a cire manhajar daga jerin waɗanda ake taƙaitawa, a kuma duba tsarin tsimin data, wanda shi ma yakan hana manhaja aiki in ba ita ce a fuskar waya ba. Wayar da ke nuna ana magana amma ba a jin kome, da farko a tuna cewa ƙarar kira dabam take da ƙarar sauraro, ana iya ƙure ɗaya a bar ɗaya a ƙasa. Sa'an nan a duba Bluetooth, domin mai yiwuwa muryar tana fita ta wata lasifika da ke ɗakin maƙwabci ko cikin mota. Ƙurar hunturu ma takan cika ramin abin sawa a kunne har waya ta ɗauka an soka shi.

Akwai wata matsala da ba kasafai ake tunaninta ba, watau agogo. Shafuka masu tsaro suna da takardar shaida mai wa'adi, waya kuwa takan auna wa'adin da kwanan watan da ke cikinta. In batir ya mutu ƙurmus agogo ya koma shekarun baya, sai ta ƙi yarda da shaidar, shafin ya ƙi buɗuwa. Gyara kwanan wata shi ne magani. Idan manhaja guda ce take gardama, a share tarkacen da ta tara, ko a sabunta ta, ko a cire ta a sake saukewa. Kashe waya a kunna ma dabara ce da bai kamata a raina ba. Lokacin zuwa wurin mai gyara shi ne sa'ad da aka kunna karatu ko waƙar da ke ajiye cikin wayar, wadda ba ta bukatar intanet, ita ma aka ji shiru ko kwarakwaram. A nan ne kaɗai za a iya cewa lasifika ta taɓu.

Wajen sauke manhaja kuma a yi hattara. Akwai masu sa sunan rediyon Hausa a kan manhajar da babu kome cikinta sai talla, akwai ma masu mugun nufi. Manhajar rediyo ba ta da wata bukata ta ganin lambobin mutane, ko karanta saƙonni, alhali ta saƙonnin ne banki yake aiko da lambar sirri. Duk wadda ta nemi irin wannan izni, a hana ta, kuma a guji sauke manhaja daga adireshin da aka turo a zaurukan WhatsApp.

Saura abu guda wanda ba lalacewa ba ne, amma rashin saninsa yana da illa, shi ne jinkiri. Saboda randar nan da aka ambata, muryar intanet kullum tana bayan ta akwatin rediyo, daga 'yan daƙiƙoƙi har zuwa minti guda ko fiye, kuma duk sa'ad da ta sarƙe ta ci gaba, jinkirin yana iya ƙaruwa. Shi ya sa maƙwabci yakan yi ihun an ci ƙwallo tun mai waya yana jin ana tsakiyar fili, kuma shi ya sa mai bugo waya cikin shiri yakan rikice in bai rage ƙarar tashar ba. Inda abin ya fi nauyi shi ne watan azumi. Wanda ya dogara da kiran sallar asuba na intanet domin ya ajiye cokali, yana iya ci bayan alfijir ya keto. Mazaunin Ikko kuma da ya ji tashar Kano ta yi kiran magariba ya kai dabino baki, ya sha ruwa da sauran rana, domin Kano tana gabas, rana takan riga faɗuwa a can da mintoci masu yawa. Lokacin ibada na garin da mutum yake ne, sai a bi masallacin unguwa. Haka nan ba a saita agogo da ƙarar sa'a ta intanet.

Daga ƙarshe, kada sabon abu ya sa a yar da tsoho. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara da wasu sassan maƙwabtanta saboda matsalar tsaro, akwatin rediyo ne ya rage wa jama'a, domin ba ya bi ta turken kowa. Wayoyi da yawa ma suna da FM a cikinsu, wanda ba ya cin data ko kaɗan, abin sawa a kunne kawai yake bukata ya zama eriya, kuma ya wadatar ga tashoshin garin da mutum yake. Da tsohuwar zuma ake magani. Mai hankali sai ya bar intanet ga tashar gida mai nisa, ya bar FM ga ta kusa, ya ajiye ƙaramin akwati mai gajeren zango domin ranar da hanya za ta toshe. In kuwa murya ta ɗauke, ya tambayi tasha, ya tambayi hanya, ya tambayi data, kana ya tambayi waya, kafin hannunsa ya kai aljihu.

A mako mai zuwa, in Allah ya yarda, wannan fili zai duba yadda ake sauke shiri a ajiye shi cikin waya sa'ad da data take da araha, domin a saurare shi daga baya ba tare da yankewa ba. Allah ya kai rai.